Makon homkomin a makarantar Katolika: in bar 'yata ta riƙe tutar aji a wajen Mas?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka, 'yata tana aji 9, shekararta ta farko a sakandaren Katolika. Don tarbiyya muka sa ta, kuma ba mu yi nadama ba. Yanzu an aiko takarda kan makon homkomin, farkon Oktoba, lokacin da tsofaffin ɗalibai ke dawowa. Alhamis da safe duk makaranta za su taru a ɗakin wasanni a yi Mas, wato babbar ibadar 'yan Katolika, Juma'a da dare wasan ƙwallon Amurka, Asabar rawa. Rawar mun gama magana, ba za ta je ba. Abin da ya tsaya min a rai, an zaɓe ta ta riƙe tutar ajinsu lokacin shigowa Mas ɗin, gaban Fada, wato limaminsu. Yarinyar sai murna take, babanta ya ce ni in yanke. Wanda ya taɓa gani ya taimaka min.

Baban Abba: Hajiya kada ki yarda da rawar nan ko kusa. Tikiti kawai dala 60 na biya wa ɗana a Hustan, ga wata ƙatuwar fulawa mai ribon da ƙararrawa da 'yan Tekzas ke rataya wa yarinya a wuya, ita ma kusan dala 100.

Ummi: Ta ce fa rawar ba ta ciki. Kuma dala 60 a ina? Mu dala 25 muka biya.

Baban Abba: To taku ta gwamnati ce.

Maman Bulus: 'Yar uwa, ni 'yar Katolika ce daga Kafanchan, yarana biyu sun gama irin makarantar nan. Tutar aji ba ta cikin ibada, alamar ajinsu ce kawai, ana jingine ta gefe kafin a fara. Babu mai ba ta gurasar tarayya, wato gurasa mai tsarki da muke karɓa a Mas, dokarmu ma ta hana a ba wanda ba Katolika ba. In an tashi layin karɓa tana iya zama a kujerarta. Abin da ya fi taɓa ni a Mas ɗin homkomin shi ne karanta sunayen tsofaffin ɗaliban da suka rasu. Na ga dattijo da sanda, sanye da tsohuwar rigar ƙwallonsa, yana share hawaye. Sai dai ki sani, Oktoba watan Rosari ne a wurinmu, wato addu'ar da muke yi da carbi, za ta ji "A gaishe ki Maryamu" sosai, har kafin a take wasa.

Hajiya Babba: Maman Hanifa, ki ji nawa. Haka aka ce min, zama kawai za ta yi. Na bari. Ashe makarantar na ɗaukar hoto. Suka ɗora a Facebook, ga 'yata da ɗankwalinta a layin gaba, ga gicciye a bayanta. Kwana biyu hoton ya isa Kano. Surukata ta kira da asuba tana kuka, wai mun kai jikarta coci. Ƙannen mijina suka daina amsa gaisuwata. Wata takwas ina ba da haƙuri kan abin da ban aikata ba. Na je ofis a cire hoton, suka fito min da takardar da na sa wa hannu tun farkon shekara ban karanta ba. Sun cire daga baya, amma me ya rage? Yarinyar da ba ta taɓa barin sallah ba, har yau in ta je gida ana mata kallon wadda ta canza.

Ummi: Innalillahi. Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Amma wannan laifin dangi ne.

Malam Sani: Wannan magana ta addini ce, ki kai wa malami. Da girmamawa, Maman Bulus ba za ta ba ki fatawa ba.

Maman Bulus: Ban ba da fatawa ba Malam. Abin da ake yi a ciki na faɗa, don in ta je wurin malamin ta san me za ta tambaya.

Ummi: Kuma wane malami? Na nan da ya san makarantun, ko na gida da zai ji kalmar coci ya rufe magana?

Ɗan Zariya: Ni dai in za a naɗa Hanifa sarauniyar homkomin a sanar da ni, in zo da algaita da 'yan bindiga.

Kawu: Yaran nan kuna ta da hankali. Mu a makarantar mishan muka yi karatu, Fada na addu'arsa muna tsaye shiru, Juma'a mu tafi masallaci. St. John's ta Kaduna ita ce ta koma Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a 1972, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Musulmi nawa suka fito daga cikinsu da imaninsu? Abin da ke ƙona min rai, su Amurkawa tsofaffin ɗalibai ke dawowa su gina wa makaranta ɗakin karatu. Mu tamu, ba zan kama suna ba, shekara uku ina tura kuɗin ƙungiya, rufin ajinmu na nan a yaye.

Baban Abba: Kawu ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu ma'ajinmu ya daina ɗaukar waya tun bayan taron bara.

Maman Hanifa: Na gode duka. Hajiya Babba, takardar hoton nan ana iya janye ta a tsakiyar shekara? Gobe ne ranar ƙarshe ta ba da amsa.

Kawu: Baban Abba, ku nawa kuke biya a shekara?