Muhawara: Tiraka ko ƙarin faranti, wanne ya fi wa mai sola a Zariya?

Malam Nasiru, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna. Mutum yana da farantin sola huɗu masu wat 550, da batirin litiyom mai 51.2V, 100Ah, ba ya kan layin NEPA ko kaɗan, kuma wuta tana gaza masa. Wasu suna cewa ya sa tiraka, wato ƙarfen nan mai juya faranti yana bin rana daga gabas zuwa yamma. Ni kuwa na ce a Zariya, duk kuɗin da zai kashe a tiraka gara ya ƙara faranti da shi. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Injiniya Bashir, Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da lissafi. Faranti huɗu wat 2,200 ke nan. A ba su awa biyar da rabi na rana mai ƙarfi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da ƙura da waya da kontirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batiri, za a samu kusan 9kWh a wuni, wato yunit tara na wuta. Tiraka mai juyi ɓangare ɗaya tana ƙara kamar kashi 15 zuwa 25 cikin 100 idan sararin sama garau yake, mai juyi ɓangare biyu tana iya wuce 30. To, faranti ɗaya a kan huɗu shi ma kashi 25 ne. Ga shi ba mota a jikinsa, wato injin lantarkin da ke juya tiraka, ba boris, ba abin da ke motsi. Ina bayanka.

Alhaji Garba Mai Walda, Sabon Gari: Injiniya, lissafinka ya yi kyau a takarda, amma faranti ɗaya ba ya shiga haka kawai. Huɗun nan galibi biyu-biyu aka haɗa su a siris, wato wutar ɗaya ta bi ta cikin ɗayan a layi guda, sannan aka haɗa layukan biyu a faralel, wato gefe da gefe, wutarsu ta haɗu a waya ɗaya. Ina za ka cusa na biyar? Dole ka sayi biyu. Sannan ga wurin ajiyewa: kowane ɗaya ya kai mita 2.27 a tsawo, 1.13 a faɗi, nauyinsa wajen kilo 28. Gidaje nawa ne a cikin birni ko Tudun Wada suke da rufin kwanon da zai ɗauki shida ba tare da inuwar tanki ko ta benen maƙwabci ta faɗo musu ba?

Injiniya Bashir: Gaskiya ne Alhaji, biyu za a ƙara. Kuma tunda ka taɓo wurin, a kula da wannan sosai, domin nan ake ƙona kontirola. Kada wanda yake da kontirola irin MPPT mai iyakar bolt 150 (150V) ya yi uku-uku a siris. Kowane faranti yana ba da kusan 49.5V idan ba a jan wuta daga gare shi, uku sun kai 148.5V, sai mutum ya ga kamar ya tsira. Amma sanyi yana ɗaga bolt ɗin da faranti ke bayarwa. Da safiyar hunturu a Samaru, lokacin da sanyi ya sauka wajen digiri 12, ukun nan za su haura 153V, kontirola ta tafi. A yi biyu-biyu layi uku. Kowane layi a sa masa fis ɗinsa gwargwadon abin da aka rubuta a bayan farantin, domin da zarar layuka sun kai uku, idan ɗaya ya samu matsala sauran biyun za su tura masa wuta ta baya. Amfiya, wato yawan wutar da ke bin waya, za ta kai wajen 40, saboda haka wayar da ke saukowa ta zama 10mm², ba 4mm² ɗin da ke wurin tun farko ba.

Hajiya Rabi, Kongo: Ni abin da ban ga kowa ya ambata ba shi ne watan da ake shan wahala. Wanda ba ya kan layi ba jimillar shekara ce damuwarsa ba, watan da ya fi muni shi ne ma'auni. A nan Agusta ne, lokacin marka, sai kuma kwanakin da hazo ya yi kauri a Disamba da Janairu. Tiraka tana cin riba ne da hasken da ya zo kai tsaye daga ƙwayar rana. Idan gajimare ko hazo ya rufe, hasken yana zuwa ne ta ko'ina a sama, farantin da ke kwance kusan a shimfiɗe ma ya fi kamawa. Ke nan ranar da ake matuƙar buƙatarta, ranar ce ba ta da abin bayarwa. Ranar da take bayarwa da yawa kuwa, a Maris da Afrilu, batirin nan mai ɗaukar wajen 5kWh ya cika tun kafin azahar, kontirola ta rage ja, rarar ta tafi a banza. Ƙarin faranti biyu kuwa rabin abin da kake samu suke ƙara maka, ko da hadari ko babu.

Alhaji Garba: Hajiya, ai rarar ba ta tafiya a banza ga mai firiza ko mai shagon caji. Shi wutar ƙarfe bakwai na safe da ta biyar na yamma yake nema, don batiri ya huta. Farantin da aka kafe yana kallon kudu ba ya ba da abin kirki a waɗannan lokutan.

Hajiya Rabi: Akwai maganin wannan ba tare da mota ba, Alhaji. Layi ɗaya ya kalli gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu, kowanne a karkace digiri 10 zuwa 15. Wuta za ta fara da wuri, ta kai yamma. Sharaɗi ɗaya ne: farantai biyun da ke cikin siris ɗaya su kalli wuri ɗaya. Idan aka raba musu fuska, wanda ke samun ƙarancin haske zai ja ɗan'uwansa ƙasa.

Malam Nasiru: A ƙara da cewa Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da layin ikweta da ya raba duniya biyu. Rana a kanmu take kusan duk shekara. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma, da tsakar rana ta ɓangaren arewa take. Saboda haka tiraka mai juyi ɓangare biyu, wadda ake yi wa talla da alƙaluman Turai, a nan juyinta na kudu da arewa kaɗan yake ƙarawa. Kuma kada a kwantar da faranti ƙasa da digiri 10, ƙura da ruwa za su riƙa kwanciya a gefen firam.

Injiniya Bashir: Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Faranti huɗu a kan sanda ɗaya faɗinsu ya haura murabba'in mita 10. Iskar farkon damina, irin wadda ke yaye kwano a Mayu da Yuni, idan ta kai kilomita 100 a awa, tura ta kusan rabin tan take yi wa wannan faɗin. Duk nauyin nan a kan sanda ɗaya, da boris biyu, da hannun motar da ke turawa yake sauka. Tiraka ta gaske tana da na'urar auna iska da ke kwantar da farantai da kanta. Yawancin na haɗin gida ba su da ita. Ga ƙurar hunturu tana shiga giris ta mai da shi kamar samfefa, tana cin zaren hannun motar. Idon da ke gane inda rana take, ƙura ta rufe gefe ɗaya, sai ya yi ta kai-komo yana shan batiri. Makunnin da ke tsayar da motar a ƙarshen juyi idan ruwa ya shige shi, motar ta ci gaba da turawa har ta lanƙwasa ƙarfe. Mafi muni, ta maƙale tana kallon yamma, washegari mai gida ya rasa wutar safe gaba ɗaya.

Alhaji Garba: Duk na ji, kuma a gidan zama na sallama. Amma ban sallama a gona ba. Mai noman rani a fadamar Galma ko wajen Shika, da famfon sumo, wanda ake zurawa cikin burtsatse, ba batiri, shi awoyin da ruwa ke fita yake ƙirgawa. Famfo ba ya ɗaga ruwa sai wuta ta kai wani mataki. Kuma ƙasar Zariya dutse ne a ƙarƙashi, burtsatse da yawa ba sa son a zuƙe su da ƙarfi, ruwan ya ƙare famfo ya ja iska. Ja a hankali na tsawon awoyi ya fi musu. Ba sai an sa mota ba. Bututun ƙarfe mai inci huɗu, a binne mita ɗaya cikin kankare, firam na angul a kan boris biyu, sandar juyin ta miƙe kudu da arewa, da faifan ƙarfe mai huda uku da fin na kullewa. Mai gadi ya juya gabas da hantsi, ya daidaita kafin azahar, ya juya yamma da la'asar. Rani ne, sama garau mafi yawan kwanaki, kuma mutum yana wurin dama.

Hajiya Rabi: Wannan na yarda da shi, da sharaɗi biyu. Kada a ɗora fiye da faranti uku ko huɗu a sanda ɗaya, kuma a bar wa waya sassauci a wurin juyi, a saka ta cikin tiyo, domin lanƙwasa kullum tana tsinka ta daga ciki ba a gani. Da an ga hadari ya haɗo daga gabas, a mai da fin hudar tsakiya.

Injiniya Bashir: Ko a gonar ma Alhaji, ni zan fara gwada gabas da yamma a kafe, farantai su ninka ƙarfin famfon sau 1.3 zuwa 1.5. Ranar da mai gadi ya tafi kasuwar Giwa ya bar firam yana kallon gabas, ruwan yamma ya tafi.

Alhaji Garba: A auna, Injiniya. Tanki ɗaya, famfo ɗaya, sati ɗaya a kafe, sati ɗaya ana juyawa, a rubuta lokacin da ruwa ya fara da lokacin da ya tsaya. Amma a wanke farantan da asuba kafin kowane gwaji, da ruwa da tsumma mai laushi, in ba haka ba ƙurar sati guda za ta ɓata lissafin.