Na samu Fire TV Stick a kan ragi, in saya ko in bar kuɗina?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Talabijin ɗinmu ba mai intanet ba ce, amma tana da ramin HDMI a baya. Wani mai shago a Ahmadu Bello Way ya ce zai bar mini Fire TV Stick, wato ƙaramar na'urar Amazon da ake jonawa a ramin HDMI don kallon bidiyon intanet a talabijin, a dubu 38 maimakon 50, zuwa Asabar. Yara YouTube suke so, uwarsu kuma finafinan Hausa. Intanet ɗin waya kawai gare ni. Wanda ya taɓa amfani da ita ya ba ni shawara don Allah.

Ɗan Malali: Wa alaikumus salam. Ka sayi sabuwar talabijin mai intanet ka huta.

Baban Hanifa: Da ina da kuɗinta ai da ban tambaya ba, ɗan'uwa.

Maman Sadiq: Ni dai Allah ya isa tsakanina da wanda ya sayar mini. A intanet na ga tallar, na tura dubu 27, aka kawo kwali mai ƙyalli har da hoton rimot. Ranar har maƙwabta suka shigo falo, Sadiq ya shimfiɗa tabarma. Minti ashirin ba a yi ba ta ɗau zafi kamar dutsen guga, hoton ya daskare, sai murya kawai. Na kai wa mai gyara a Kasuwar Gumi, ya buɗe ya ce jabu ce, ko sunan kamfanin babu a ciki. Na kira lambar, a kashe. Kuɗin adashena ne wallahi. Sadiq har yau yana tambayata yaushe za a gyara.

Injiniya Kawo: Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Malam, ta gaskiya tana neman ka shiga da asusun Amazon kafin ta fara aiki, ka sa a kunna a gabanka. Sannan ka yi lissafin data. Netflix da kansu sun ce hoto mai kyau yana iya cin giga 3 a awa ɗaya, 4K kuma, wato hoton da ya fi shi kyau, har giga 7.

Ɗan Malali: Dubu 38 ma tsada ce. Ƙanena ya sayi ta Xiaomi dubu 30.

Abban Tudun Wada: Yaushe? Satin jiya na taya, dubu 55 aka ce.

Maman Sadiq: Ku da ba a cuta ba, magana tana muku sauƙi.

Injiniya Kawo: Hajiya, ke jabu kika saya, ba ki ga aikin ta gaskiya ba. Shekara 3 nake da tawa.

Abban Tudun Wada: Kai da kake da sola da intanet na wata-wata, Injiniya, shawararka ta masu hali ce. Tun da aka ƙara kuɗin data a 2025 ni na koma dish ɗina.

Ɗan Rigasa: Baban Hanifa, saya kawai, amma ka yi wa rimot bankwana. Uwargida ce za ta zama kwamanda!

Abban Tudun Wada: Da wace wutar ma za a kalla? Taransifomar layinmu kwana tara ke nan da ƙonewa. An karɓi dubu biyu-biyu gida-gida, shiru, ga takardar kuɗin wuta ta zo cif.

Maman Sadiq: Mu ma a Kabala haka. Ku kuna da mita, ko ƙiyasi ake muku?