Ɗan siyasa ɗan Katolika mai goyon bayan zubar da ciki: a ba shi Jibin Ubangiji ko a hana shi?

Malamin Katekizim:

Salama gare ku 'yan'uwa. Ina koyar da manya masu shirin baftisma, kuma akwai tambayar da ta fi ƙarfina. Koyarwar kanta ba ta da duhu. Katekizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, daga sakin layi na 2270 zuwa 2272, ya ce wajibi ne a kare ran ɗan Adam tun daga ranar da aka ɗauki cikinsa, kuma wanda ya zubar da ciki ya yanke kansa daga tarayyar Ikilisiya. Haka nake koyarwa, na kuma gaskata da zuciya ɗaya.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. A watan Mayun 2022 Akbishop Salvatore Cordileone na San Francisco ya hana Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, karɓar Jibin Ubangiji, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake karɓa a sujada, a yankinsa saboda tana kare dokar zubar da ciki. Ran 29 ga Yuni na wannan shekarar sai ga ta ta karɓa a babban cocin Bitrus da ke Roma. Joe Biden ma wani fada, wato firist na Katolika, ya hana shi a jihar South Carolina a 2019, amma Kadinal Wilton Gregory, akbishop na Washington a lokacin, ya ce shi ba zai hana shi ba. Yarinyar da tsoro ya kai ta ga aikatawa an ce ta fita daga tarayya, mai mulkin da ya tsaya wa dokar kuwa yana sahun gaba. Me zan ce wa ɗalibaina in sun ce a nan ma akwai shafaffu da mai?

Tsohon Ɗan Seminari:

Malam, dokoki biyu ne ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko ita ce sashe na 1398 na dokar Ikilisiya, wanda ya koma 1397 bayan gyaran 2021. Ta shafi wanda ya zubar da cikin da kansa da waɗanda in ba don su ba da abin bai yiwu ba. Masana dokar akasari ba sa sanya ɗan majalisar da ya kaɗa ƙuri'a a ƙarƙashinta. Shi nasa sashe na 915 ne, wanda ya ce kada a ba da Jibi ga mai nacewa cikin babban zunubi a bainar jama'a.

Batun yarinyar nan kuma, don Allah ka kwantar wa ɗalibanka hankali. Hukuncin yankewa ba ya hawa kan wadda ba ta kai shekara 18 ba, ko wadda aka tilasta mata da tsoro mai tsanani, ko wadda ba ta san akwai hukuncin ba. Zunubin yana nan da nauyinsa, amma ƙofa a buɗe take. Tun 2016 Paparoma Francis ya ba kowane fada ikon yafe wannan zunubi a wurin furci, wato inda mai tuba ke faɗin zunubansa ga fada, ba sai an kai maganar gaban bishop ba.

A 2004, lokacin da John Kerry, ɗan Katolika mai goyon bayan 'yancin zubar da ciki, yake takarar shugabancin Amurka, Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16, ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka yadda za a bi. Makiyayin ɗan siyasar, wato fada ko bishop da ke kula da shi, ya gana da shi, ya koya masa, ya gargaɗe shi kada ya zo karɓa. In ya ƙi ji, sai a hana shi. To wa zai tabbatar an bi matakan nan, kuma mutumin ya nace? Bishop ɗin yankinsa. Daga nan bambancin da ka gani ya taso.

Uwar Biyar:

Ni dai Malam, ina bayan Cordileone, ba na ɓoyewa. Maganar da ta fi ƙona mini rai ita ce wadda irin waɗannan 'yan siyasa suke yi cewa a zuciyata ban yarda da zubar da ciki ba, amma ba zan ɗora wa wasu addinina ba. Mario Cuomo, gwamnan New York a lokacin, ya kafa wannan hujja a jami'ar Notre Dame a 1984, har yau ita ake ta maimaitawa. In ka yarda abin da ke cikin mahaifa mutum ne, yaya za ka ce kare shi al'amarin addininka ne kai kaɗai? Na ɗauki ciki, na ji motsin yaro tun bai ga duniya ba, babu mai gaya mini wannan ra'ayi ne kawai.

Kuma akwai wanda ya nuna ana iya tsayawa. A 1990 Sarki Baudouin na Beljiyam ya ƙi sa hannu a dokar zubar da ciki. Gwamnati ta ayyana cewa ba zai iya mulki ba na kwana ɗaya da rabi, ministoci suka sa hannu, sannan majalisa ta mayar da shi. Dokar ta wuce, amma ba da hannunsa ba. Ya san zai iya rasa gadon sarautar gaba ɗaya. Ɗan majalisa kuwa kujera kawai yake jin tsoron rasawa.

Ɗan Kwaya (mawaƙin coci):

Mama, na ji ki, kuma a kan koyarwar ba mu da saɓani. Tsorona shi ne bagadi ya koma filin yaƙin neman zaɓe. A watan Satumban 2021, a cikin jirgi yana dawowa daga Slovakiya, Paparoma Francis ya ce zubar da ciki kisan kai ne, bai sassauta ba ko kaɗan. A wannan hirar kuma ya ce shi bai taɓa hana kowa Jibi ba, ya roƙi bishop-bishop su zama makiyaya kada su zama 'yan siyasa. Wata biyu bayan haka bishop-bishop na Amurka suka fitar da takardarsu a kan Jibin Ubangiji, ba su ambaci sunan ɗan siyasa ko ɗaya ba.

Akwai kuma sashe na 916 da ba a cika ambata ba, wanda ya ɗora nauyin a kan mai karɓa: in ka san kana cikin babban zunubi, kada ka matso sai ka yi furci. Wannan ya hau kaina kamar yadda ya hau kan Pelosi. Sannan ina 'yan siyasar da ke goyon bayan hukuncin kisa, bayan an gyara Katekizim a 2018 an ce ba a yarda da shi ba?

Tsohon Ɗan Seminari:

Ƙanena, wasiƙar 2004 ta taɓa wannan. Ta ce 'yan Katolika suna iya saɓawa a kan yaƙi da hukuncin kisa, amma ban da zubar da ciki. Sai dai an rubuta ta kafin gyaran 2018, shi ya sa ake ta muhawara a kai har yanzu.

Malam, ƙara wannan a darasinka don kada a yi wa kowa kuɗin goro. A wasiƙarsa Evangelium Vitae ta 1995, sakin layi na 73, Paparoma John Paul na biyu ya ce ɗan majalisar da kowa ya san yana ƙin zubar da ciki yana iya goyon bayan dokar da za ta rage ɓarnar, in soke ta gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Saboda haka ƙuri'a ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba, sai an duba wace doka ce, me kuma take canzawa.

Malamin Katekizim:

Na gode, yayana. Batun shekara 18 da na tsoro zan fara koyarwa, domin a cikin masu saurarona ba za a rasa macen da take ɗauke da wannan nauyin shekara da shekaru, tana zaton an rufe mata ƙofa ba. A kan 'yan siyasa kuwa zuciyata tana wajen Mama. Bishop ya kira mutum a ɓoye, ya yi haƙuri da shi iyakar haƙuri, amma in shekaru sun wuce yana ƙara nacewa a fili, shirun bishop ɗin ma yana koya wa jama'a wani abu. Abin da har yanzu nake nema shi ne: in bishop ɗinsa ya hana shi a gida, fadan da ke wani yanki wajibi ne ya bi wannan hukunci, ko yana da zaɓi?