Neman Sunan Hausa ga Giyar Motocin Tsere na Da

'Yan uwa masu sha'awar harshe, na ɗauki watanni ina haɗa wata 'yar ƙaramar mota ta roba, kwafin motocin tseren Amurka na shekarun 1970, wadda aka rage girmanta zuwa kashi 1 cikin 25, ma'ana duk abin da ya kai santimita 25 a jikin motar gaske ya koma santimita 1 a jikinta. Da na buɗe kwalin sai na tarar da giyar da ke ciki irin ta motar titi ce, alhali motar da nake kwaikwayo tana amfani da wata giyar motocin tsere mai suna Lenco. Da na zauna rubuta cigiyar wannan kaya da Hausa, sai na ga ba ni da sunan da zan kira shi wanda mai karatu zai gane kai tsaye.

Kalmar Turancin ita ce "transmission". Na ga an fassara ta da "watsawa", kuma wannan kuskure ne babba, domin watsawa aikin gidan rediyo ne, ko na mai yayyafa iri, ba ta da alaƙa da ƙarfen da ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa shi ga tayoyin baya. Wani ya ba ni shawarar "akwatin giya", wadda ma'anarta daidai ce, sai dai a rubuce kalmar giya ta mota da giya ta kwalba ba su da bambanci, don haka wanda ya karanta "ina neman tsohon akwatin giya" zai iya fahimtar abin da ban nufa ba. A ganina ba mu da dalilin barin abin da makanikai suka daɗe suna faɗa, wato giyabos. Kalmar aro ce, amma ta zauna a bakin masu sana'ar kamar yadda kuloci da birki da furofela suka zauna, kuma ƙirƙirar sabuwa a inda akwai mai rai wahalar da kai ne.

Amfanin giyabos shi ne tana karɓar bayani a bayanta ba tare da ta yi nauyi ba. Powerglide na kamfanin General Motors, wanda ya fito a 1950, giyabos ne mai canza kansa mai giya 2. TorqueFlite 727 na Chrysler mai canza kansa ne mai giya 3. Muncie M22 kuwa na hannu ne mai giya 4. Lenco ne ya fi ba ni sha'awa, domin ba tukunya ɗaya ba ce: gaɓa-gaɓa ake jera shi, kowace gaɓa da haƙoranta da libarta, direba yana jan libobin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taka kuloci ba. Shi ya sa nake kiransa giyabos mai gaɓoɓi, kuma duk wanda ya ga ƙaramin kwafinsa, da jerin libobi a tsaye kusa da kujerar direba, zai yarda cewa sunan ya dace da siffar.

Sunan tseren kansa, "drag racing", shi ma yana bukatar a tsaya a kansa. Fassara shi da "tseren ja" ba ta da ma'ana, tunda ba abin da ake ja. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, su tashi daga tsaye su miƙe sambal har tsawon rubu'in mil, kimanin mita 402. Hukumar NHRA mai shirya wannan tsere a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ta rage wannan tsawo zuwa ƙafa 1,000 ga motoci mafi gudu a 2008. Na so "sukuwar mota", amma sukuwa ba ta nuna tashi daga tsaye, wanda shi ne zuciyar abin. Na fi karkata ga "tseren fizga", saboda a fizgar farko ake yawan cin tseren ko a faɗi, kuma a wannan fizgar ce duk ƙarfin inji ke sauka a kan giyabos lokaci guda. A 1970 giyabos ɗin direban tsere Don Garlits ya tarwatse a filin tseren Lions da ke Kalifoniya, ya raba motar biyu, ya yanke masa wani sashe na ƙafar dama, abin da ya sa ya koma ƙera mota mai inji a bayan direba. Murfin ƙarfe mai kauri da ake sa wa kuloci don tare ɓaraguzai idan ya fashe, ni garkuwar kuloci nake ce masa.

Su ƙananan motocin, ban yarda da "motar wasa" ba, domin ba ta yara ba ce, kuma "sikeli", daga sunansu na Turanci "scale model", a Hausa abin awon nauyi ne. "Motar samfur" ta wadatar.

Da waɗannan kalmomi cigiyata ta zama jimla ɗaya mai tsabta: ina neman giyabos mai gaɓoɓi na motar samfur, kashi 1 cikin 25, irin na tseren fizga. Ana samun irinsa a tsofaffin kwalayen motocin samfur na kamfanonin AMT da MPC da Revell da Jo-Han, ko a ragowar kayan da masu haɗawa ke tarawa, ko wajen masu zuba kwafi da ruwan roba mai daskarewa, ko masu fitar da shi da na'urar 3D. Sai dai a kula, domin kayan kashi 1 cikin 24 sun ɗan fi girma, kuma wani lokaci sai an goge kafin su zauna.

Saura kalmar "vintage". "Tsohon yayi" tana ɗauke da ɗan raini, "na gargajiya" kuma ta yi nisa da motocin da ba su wuce shekara 60 ko 70 ba. A yanzu "na da" nake rubutawa, kuma ina roƙon masana su faɗa mini ko akwai wadda ta fi ta nuna cewa tsufan abin shi ne darajarsa.