Takardar inshorar rai ta Oswald: yaya ake gane ta gaskiya?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Wani dillali a intanet yana tallar takardar da ya ce ta inshorar ran Lee Harvey Oswald ce, wanda aka zarga da harbe Shugaba Kennedy na Amurka a 1963. Me ake dubawa kafin a saki sefa?

Malamin Marwa: Wa alaikumussalam, ɗan'uwa. Fara da silsila: daga kamfanin inshora zuwa hannun wa, sai wa, da rasidi. In akwai giɓi, janye. Sannan kwanan wata: Jack Ruby ya harbe Oswald har lahira ranar 24 ga Nuwamba 1963, don haka takardar neman diyya ba za ta riga wannan ranar ba. Juya bayanta ka shafa. Tafireta, wadda ake buga takardu da ita a lokacin, tana lotsa takarda, har ɗigon aya kan huda ta. Bugun firinta kuwa sumul yake.

Hajiya Njamena: Gaskiyar Malam. Amma hoto ba ya nuna lotsawa, sai gwani ya riƙe ta da hannu. In ta tabbata, kada a yi mata laminatin ko salatef, gam yana cin tawada, kuma darajarta ta faɗi ke nan. A cire fil, tsatsa yake bari.

Malamin Marwa: Hajiya, ƙara da zafinmu na Afrilu. A ajiye ta cikin jakar takarda marar asid, a ɗaki mai sanyi, laima tsakanin kashi 30 zuwa 50, nesa da bango saboda gara.