Muhawara: Shin allurar korona ta ƙare a jikinmu?

Malamin firamare: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar wani ɗan uwa da ya dawo daga Kano ya shaida mana cewa sinadarin kariya da allurar korona take sa jiki ya samar yana raguwa ƙwarai cikin wata shida. Idan haka ne, mu mutanen karkarar Ringim da aka yi wa a 2021 babu abin da ya rage mana, wahalar layi kawai muka sha.

Ma'aikacin lafiya: Wa alaikumus salam, Malam. Raguwar gaskiya ce, ba na musunta ta. Sinadarin yakan kai ƙololuwa makonni kaɗan bayan allura ta biyu, daga nan sai ya riƙa sauka, da sauri a watannin farko, sannu a hankali daga baya. An auna jinin ma'aikatan asibiti a Isra'ila a 2021, waɗanda aka yi wa ta kamfanin Pfizer, aka ga saukar ta fi tsanani ga 'yan shekara 65 zuwa sama da masu raunin garkuwa. Inda na rabu da kai shi ne cewa babu abin da ya rage. Idan ɓarayi suka shigo gari, matasa sukan kwana sintiri, bayan wani lokaci kowa ya koma ɗakinsa, amma waɗanda suka ga fuskar ɓarawon suna nan. A jiki ma akwai ƙwayoyin halitta masu riƙe kamannin cutar, waɗanda ke sake ƙera sinadarin cikin 'yan kwanaki idan ta dawo.

Dattijo: Yaro, ina da ja. Jikokina an yi musu allurar ƙyanda tun suna goye, ba a taɓa cewa su dawo duk shekara ba. Me ya sa wannan ta bambanta, idan ba don tana da rauni ba?

Ungozoma: Baba, a gafarce ni, ba kowace allura ce take haka ba. Ta sandarewar wuya, wato tetanus, da muke kai masu ciki sau biyar ake so mace ta karɓa kafin kariyar ta ishe ta duk shekarun haihuwarta, kuma ban taɓa jin wanda ya kira ta aikin banza ba.

Ma'aikacin lafiya: Hajiya ta yi daidai. Baba, Allah ya ƙara girma, bambancin yana ga cututtukan. Ƙyanda takan yi kwana 10 ko fiye a jiki kafin ta bayyana, saboda haka masu tunawar nan suna da lokacin shiri, kuma ƙwayarta ba ta sauya kama yadda za ta ɓace musu. Korona kuwa, musamman nau'in Omicron da aka gano a kudancin Afirka a Nuwamba 2021, cikin kwana uku take kama hanci da maƙogwaro, ga ta da sauya riga. Shi ya sa wanda aka yi wa allura zai iya yin mura da zazzaɓi, amma kafin cutar ta yi wa huhu ɓarna jiki ya farka. Dalilin da Najeriya ta fara allurar ƙari a Disamba 2021 ke nan.

Malamin firamare: Na karɓi batun huhu. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda masu shela suka zagaya kasuwa suna cewa wanda aka yi wa ya tsira, ba tare da ambaton wata shida ba. Da an faɗa mana tun farko, da ba a samu masu cewa an yaudare su ba. Yanzu mahaifiyata ta haura saba'in, ga hawan jini. In kai ta a auna jininta mu ga abin da ya saura?

Ma'aikacin lafiya: Kada ka kashe kuɗinka, Malam. Gwajin yana ƙirga sinadarin da ke yawo ne kawai, ba ya ganin masu tunawa, kuma masana ba su tsayar da adadin da za a ce shi ne iyakar kariya ba. Ka zo da ita da katinta ranar kasuwa, mu duba yaushe aka yi mata ta ƙarshe.