Yaya kuke fasa sauti da gangan ba tare da ya koma hayaniya ba?

Ɗan Waya: Salamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa sassan sintesaiza, na'urar ƙirƙirar sauti, da wayoyin lantarki. Ni in na murɗa distoshan, wato maɓallin fasa sauti, har ƙarshe, ƙara ce kawai ke fitowa, ba ta motsi, nan da nan kunne ya gaji. Ku yaya kuke yi?

Mai Eko: Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, ka daina murɗawa da hannu, bar wuta ta murɗa maka. Ekon da nake amfani da shi cip ɗin PT2399 ne a ciki, wanda asali don injinan karaoke aka yi shi. Da ka ja lokacin jinkirin amsa-kuwwarsa ya wuce kamar sulusin daƙiƙa, sai ya fara shaƙewa yana ƙiris-ƙiris. To ni sai na jona masa S&H, wato na'urar da ke cafko wuta barkatai ta riƙe har bugu na gaba. Kowane bugu lokacin ekon ya yi tsalle, muryar ta haura ta faɗo, ta yi in'ina. Amma sai ka rage ƙarfin wutar da ke shiga, in ba haka ba komai ya dagule.

Hajjaju: Malam Mai Eko, S&H ɗin nan ai tana da wani aikin. Ni sautin kansa nake zuba mata, wanda osileta, na'urar da ke samar da sauti, ke fitarwa, osileta na biyu kuma ya zama agogonta, wato mai ba ta bugu. Kana sassauta gudunsa sautin na rududdugewa kamar tsohon wasan bidiyo. Abin da ya fi burge ni, in osiletocin biyu suna cin wutar nota ɗaya, volt guda kowace oktaf, wato duk lokacin da kaifin nota ya ninka, ƙazantar sai ta riƙa bin karin waƙar.

Na Baya: Mu da ba mu da kuɗin akwatin Eurorack da ake jera sassan sintesaiza a ciki, manhajar VCV Rack mai kwaikwayonsa muka riƙe, kyauta ne a kwamfuta tun 2017. Nakan sa VCA, mai ƙara ko rage ƙarfin sauti, kafin na'urar naɗe sauti irin ta kamfanin Buchla, LFO, wato osileta mai tafiyar hawainiya, na buɗe shi a hankali: sauti ya fara sumul, ya yi kaushi, ya lafa. Wanda zai mayar da abin da filta, matatar sauti, ta fitar cikinta kuwa, ya rage sifika tukuna. Tawa ta yi wani ihu, sai da maƙwabci ya leƙo.

Ɗan Waya: Na gode ƙwarai. Hajjaju, dabararki zan fara gwadawa yau da dare in an kawo wuta. Agogon, sukwaya kike ba shi, wato igiyar wuta mai siffar murabba'i?

Hajjaju: E, sukwaya. Fara da gudu sosai, ka riƙa saukowa.